Babi na 6: Idan Ƙaramar Hukuma Ta Yi Biris da Kai

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a bakin 'yan'uwanmu mazauna Ingila, ko a harabar masallaci bayan an idar da Juma'a, ko a gidan suna idan an gama cin abinci hira ta yi daɗi. Mutum ya buga waya ofishin ƙaramar hukuma har ya haddace kiɗan da suke sa wa mai jira. Rufi na yoyo, ko yaro na zaune a gida wata da watanni ba makaranta, ko an aiko da takardar kuɗin kula da tsohuwa ba a san ta inda aka lissafo shi ba. To wa zai kai wa kuka? In kuma ya kai, akwai abin da zai sauya, ko ɓarnar takarda ce?

Akwai wurin kai kuka, ba a biyan ko sisi, kuma yana aiki fiye da yadda yawancinmu ke zato. Sai dai ba kowane irin kuka yake ji ba. Wanda ya je yana cewa an zalunce shi, an raina shi, mutanen nan ba su da imani, zai dawo hannu rabbana. Wanda ya je ya ce doka ta ba su mako 20, yau ana mako na 41, ga takardar da suka shaida sun karɓi buƙatata da kwanan watanta, shi ake saurara.

Wace hukumar ce tukuna?

A Landan akwai gundumomi 32, kowacce ita ke riƙe da gidaje da ilimi da kula da marasa ƙarfi a yankinta. Haka abin yake a Manchester da Birmingham da Leeds. Amma a yankuna irin su Kent da Essex tsarin hawa biyu ne: babbar hukumar yanki ke kula da makarantu da tsofaffi da yara, ƙananan hukumomin da ke ƙarƙashinta su ke kula da gidaje da kwashe shara. Tun ƙarshen 2024 gwamnati ta bayyana shirin haɗe hawa biyun nan, amma kafin a gama, wanda ya kai kukan makaranta ofishin gidaje ya ɓata makonninsa a banza. Takardar harajin gida da ake aiko maka duk shekara tana ɗauke da sunayen hukumomin da kake ƙarƙashinsu. Kuma duk bayanin nan na Ingila ne. Scotland da Wales da Ireland ta Arewa kowacce da nata tsarin.

Ƙofar farko

Mun taso a inda ake gyara matsalar ofis da ƙafa da baki. Ka je da kanka, ka gaisa, ka nemi wanda ya san wani. A nan wannan dabara ba ta barin sawu. Idan ka kira ka ce tagar ɗakinka ta lalace, abin da ma'aikaciyar za ta shigar a kwamfuta shi ne ka nemi gyara. Ka sake kira sau biyar, an nemi gyara sau biyar. A aikace, ƙorafi galibi yana fara ƙirguwa ne daga ranar da ka ce musu a fili ƙorafi kake shigarwa a hukumance, kuma gara ka faɗa a rubuce, ta imel ko ta shafinsu na intanet, ka karɓi lambar shaida ka adana.

Yawancin ƙananan hukumomi mataki biyu suke da shi. A na farko sashen da ya yi maka laifin ne zai amsa, a na biyu wani babba da bai taɓa sa hannu a maganar ba. Ga wanda ke haya a gidan hukuma, tun Afrilun 2024 wa'adin ya zama wajibi: ranakun aiki 5 su shaida sun karɓa, 10 su ba da amsa, in ba ka gamsu ba ka ce a wuce mataki na biyu, su amsa cikin ranakun aiki 20.

Takardar ƙorafi mai kyau ba ta cika wuce shafi ɗaya ba. Ka faɗi abin da ya faru da kwanan wata, abin da ya kamata su yi ba su yi ba, da cutarwar da hakan ta jawo maka, kamar yaron da ya yi ta zaryar asibiti da tari ko aikin da uwa ta ajiye don ta zauna da ɗanta. Sannan ka faɗi abin da kake so a yi, ɓaro-ɓaro. Mutane da yawa nan suke tuntuɓe: su cika shafi huɗu da ɓacin rai, su manta su ce ga abin da muke nema. Kana kuma da haƙƙin ka nemi a ba ka kwafin duk abin da suka rubuta a kanka a fayil ɗinsu, kuma a ƙa'ida wata ɗaya suke da shi su ba ka. Sau da yawa a cikin fayil ɗin nan ake ganin inda wasiƙar likita ta iso ta kwanta ba wanda ya karanta.

Kansilan unguwarku da ɗan majalisar mazaɓarku suna da amfani, wasiƙarsu kan sa a ɗaga fayil daga ƙasa zuwa sama. Amma ka yi hakan tare da ƙorafin hukuma, kada ka sa shi a madadinsa.

Mai bincike daga waje

Idan an gama matakan cikin gida ba ka gamsu ba, ko an yi ta jan ƙafa watanni ba amsa, sai ka fita waje, wurin Ombudsman. Sweden ce ta fara kafa irin wannan ofis a 1809. Birtaniya ta kafa nata mai binciken ma'aikatun gwamnatin tsakiya a 1967, sannan dokar ƙananan hukumomi ta 1974 ta samar da wanda ke binciken ƙananan hukumomin Ingila. Ɗan Nijeriya ba baƙo ba ne ga wannan tunani, don Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975 daga wannan tushe ta fito. A 2010 aka ƙara wa ofishin na Ingila ikon binciken gidajen kula da tsofaffi masu zaman kansu, ko da mutum da kuɗinsa yake biya, shi ya sa a 2017 aka ƙara kula da jama'a a cikin sunansa. Ba ka buƙatar lauya. A ƙa'ida kana da wata 12 daga lokacin da ka san da matsalar.

Aikinsa kamar na mai duba mudu ne a kasuwar hatsi. Ba ruwansa da cewa gero ya yi tsada, ba shi zai sa a rage maka farashi ba. Abin da yake dubawa shi ne ko an buga gindin mudun. Idan hukuma ta bi ƙa'idarta, ta karanta takardunka, ta auna, ta yanke hukuncin da bai yi maka daɗi ba, ba zai taɓa hukuncin ba ko da shi kansa da wani daban zai yanke. Amma idan ta yi jinkirin da ya wuce wa'adi, ko ta ƙi duba shaidar da ka kawo, ko ta ba ka bayanin da ba daidai ba, ko ta ƙi gaya maka kana da damar ɗaukaka ƙara, to an buga gindin mudu. Abu biyu yake nema tare: kuskuren aiki, da cutarwar da kuskuren ya haifar.

In ya same su da laifi, yakan ce su ba da haƙuri a rubuce, su sake duba maganar daga farko, su biya wani abu, su kuma gyara tsarin don kada a maimaita wa wani. Kada a sa rai da kuɗin da zai sayi mota, yawanci 'yan ɗaruruwan fam ne. Abin mamakin shi ne ba shi da ikon tilasta wa ƙaramar hukuma, shawara yake bayarwa, amma rahotanninsa na shekara-shekara suna nuna ana bin fiye da kashi 99 cikin 100 na shawarwarin. Dalili kuwa shi ne yana wallafa hukuncinsa a intanet da sunan hukumar, ba tare da sunan mai ƙorafi ba, in kuma ta turje ya fitar da rahoto na musamman da dole kansiloli su zauna a kansa, 'yan jarida na kallo.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata a sani tun yanzu. Inda doka ta ba ka hanyar ɗaukaka ƙara zuwa kotu ko wani kwamiti, Ombudsman bai cika shiga ba, zai ce ka bi waccan hanyar. Ita kuma waccan hanyar wa'adinta gajere ne. Mutum na can yana rubuta ƙorafi, kwanakin ɗaukaka ƙara na ƙarewa.

Gida

A maganar gida masu bincike biyu ne, kuma ana yawan rikita su. Idan kana cikin gidan ƙaramar hukuma ko na ƙungiyar gidaje, matsalarka kuma ta gyara ce ko danshi ko maƙwabci mai fitina, tun 2013 Ombudsman na gidaje ke da wannan, shi kuma umarni yake bayarwa ga masu gidajen da ke ƙarƙashinsa. Idan kuwa maganar layin jiran gida ce, ko rashin matsuguni, Ombudsman na ƙananan hukumomi ke da ita.

Duk wanda ke zaune da funfuna a bango ya kamata ya san labarin Awaab Ishak. Iyayensa 'yan Sudan ne, suna zaune a wani ɗan gida mai ɗaki ɗaya a Rochdale, kusa da Manchester, mallakar wata ƙungiyar gidaje da ta gaji gidajen ƙaramar hukumar garin. Tun 2017 mahaifinsa ya kai kukan funfuna, aka ce ya shafe ta da fenti. Ya shafa, ta dawo. Ma'aikaciyar lafiya mai ziyartar jarirai ta rubuta wa masu gidan, ba a gyara ba. Iyalin suka ɗauki lauya, sai hakan ya zama wani dalilin jinkiri, don al'adar ƙungiyar ita ce ba ta gyara gidan da ake shari'a a kansa sai an daidaita. A Disambar 2020, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 2, Awaab ya rasu. A Nuwambar 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar funfunar ce ta kashe shi.

Abin da ya fito a zaman binciken ya shafe mu kai tsaye. Ma'aikatan sun ɗauka yanayin rayuwar iyalin ne ke jawo danshin, har da zaton irin wankan da suke yi da bokiti ne, ba tare da sun tambaye su ba. Binciken ya nuna gidan ne ba shi da isasshiyar hanyar fitar da tururi. Duk baƙon da aka taɓa ce masa girkinku ne, ko shanyarku ce, ko yawanku ne, ya san wannan magana. Tun a 2021 Ombudsman na gidaje ya fitar da rahoto yana gargaɗin masu gidaje su daina ɗora laifin danshi a kan rayuwar ɗan haya. Bayan rasuwar yaron aka yi dokar da ke ɗauke da sunansa a 2023, kashinta na farko ya fara aiki ranar 27 ga Oktoba, 2025: abin da ke barazana ga rai nan take a magance shi cikin awa 24, danshi da funfuna masu haɗari a bincika cikin ranakun aiki 10. Yanzu mai funfuna a ɗaki a gidan hukuma ko na ƙungiyar gidaje yana da lambar da zai rubuta a takardarsa.

Kafin Rochdale an yi Grenfell. Benen nan mai hawa 24 a yammacin Landan ya kama da wuta ranar 14 ga Yuni, 2017, mutum 72 suka rasu. Mazauna benen sun daɗe suna kuka kan haɗarin gobara, har wasunsu suka rubuta a Nuwambar 2016 cewa ba za a saurare su ba sai wani bala'i ya auku. Rahoton ƙarshe na kwamitin bincike a 2024 ya nuna yadda masu kula da benen suka riƙa kallon masu ƙorafi a matsayin 'yan neman fitina. Yawancin gyare-gyaren da aka yi wa tsarin ƙorafin gidaje a 'yan shekarun nan daga waɗannan gawawwaki suka fito, har da soke tsohuwar ƙa'idar da ke tilasta ɗan haya ya bi ta hannun kansila ko ɗan majalisa, ko ya jira mako 8, kafin ya isa ga Ombudsman. An soke ta a 2022.

Rashin matsuguni kuwa nan ne lambobi suka fi yawa, kuma nan aka fi taka su. Tun 2018, idan kana fuskantar rasa gida cikin kwana 56, wajibi ne hukuma ta fara taimaka maka tun kafin a fitar da kayanka waje. Cewa ka koma sai ranar da masu kora suka zo ba daidai ba ne, amma ana faɗa wa mutane haka. Iyali mai yara ko mace mai ciki bai halatta a ajiye su a ƙaramin otal da ake haɗa kicin ko banɗaki da baƙi fiye da mako 6 ba, amma akwai masu yin watanni. Idan hukuma ta yanke cewa ba ka cancanci taimako ba, ko ta ba ka gidan da bai dace ba, kwana 21 kake da shi ka nemi a sake dubawa. Ga shawarar da masu ba da taimako irin su Shelter da Citizens Advice ke yawan maimaitawa: in an ba ka gidan da ba ka so, ka karɓa sannan ka nemi a sake dubawa. Wanda ya ƙi karɓa don fushi yana iya wayar gari hukuma ta ce ta sauke nauyinta.

Makaranta

Rikicin neman gurbi shi ne mai sauƙin bayani. Ana sanar da gurbin sakandare a farkon Maris, na firamare a tsakiyar Afrilu. Wanda bai samu makarantar da yake so ba yana iya zuwa gaban kwamiti mai zaman kansa, sai dai a azuzuwan ƙananan yara doka ta taƙaita aji ga yara 30, don haka cin nasara a nan da wuya. Abin da ke faruwa a cikin makaranta, kamar horo ko cin zali tsakanin ɗalibai, ba na Ombudsman ba ne, na shugaban makaranta ne da kwamitin amintattunta. Motar makaranta kyauta kuwa haƙƙi ce idan makarantar da ta dace mafi kusa ta wuce mil 2 ga yaro ɗan ƙasa da shekara 8, ko mil 3 ga wanda ya kai.

Inda wuta ke ci shi ne yara masu buƙata ta musamman. Dokar yara da iyali ta 2014 ta kawo takardar da ake kira EHCP, wadda ke tattara buƙatun yaro na karatu da lafiya da kulawa, tun daga haihuwa har shekara 25. Duk abin da aka rubuta a sashen karatu na takardar nan, awa kaza da mai koyar da magana, mataimakiya a aji, wajibi ne hukuma ta samar. Ba ta da damar cewa babu kuɗi. Uwa ko uba na iya neman a auna yaro da kansu, ba sai makaranta ta yarda ba. Hukuma na da mako 6 ta ce za ta auna ko ba za ta auna ba, da mako 20 gaba ɗaya ta fitar da takardar.

A aikace, kusan rabin takardun ne kawai ke fita cikin wa'adi. Yaran da ke riƙe da ita sun haura 600,000 a 2025, ninki biyu da ɗoriya na adadin shekara goma baya, masana halayyar koyon yara da ke yin awon kuma ba su ƙaru haka ba. A ce wata uwa ta nemi awo a watan Satumba. Makaranta ta ce ba za ta iya da yaron ba sai awa biyu a rana, daga baya ya daina zuwa ɗungurungum. Ana ta ce mata gafara sa, ba ta ga ƙaho ba, har Yuni. A nan ƙorafi biyu take da shi. Na farko jinkirin. Na biyu, wanda iyaye da yawa ba su sani ba, shi ne dokar ilimi ta 1996 ta ɗora wa ƙaramar hukuma samar da karatu ga yaron da rashin lafiya ko kora ko wani dalili ya hana shi zuwa makaranta, ko da malami za a turo gida. A irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe, cikin duk goma da Ombudsman ya bincika har ƙarshe yana samun hukuma da laifi a fiye da tara.

Amma idan rigimar a kan abin da takardar ta ƙunsa ne, ko makarantar da aka rubuta a ciki, ko an ƙi yin awon ma, wannan ta kotun musamman ce, kuma wata 2 ake da shi daga ranar wasiƙar hukunci. A shari'o'in da aka yanke a kotun nan iyaye ke samun nasara, gaba ɗaya ko a wani ɓangare, a fiye da kashi 90 cikin 100. A ganina wannan adadi abin kunya ne ga ƙananan hukumomi. Hukumar da ke faɗuwa a kusan duk shari'ar da ta shiga ta san hukuncinta na farko ba zai tsaya ba. Abin da take samu shi ne watannin da ba ta biya ba, da kuma iyayen da suka gaji suka bari tun kafin a je kotu. Kowane yanki yana da ofishin ba iyaye shawara kyauta kan wannan, akwai kuma ƙungiyar IPSEA mai ba da shawarar doka.

Tsufa da kulawa

Baƙo yakan ɗauka tunda asibiti kyauta ne, kula da tsoho ma kyauta ne. Ba haka ba ne. Wanka da sa tufafi da ciyarwa da zaman gidan tsofaffi ana auna aljihu. Wanda dukiyarsa ta wuce fam 23,250 shi zai biya wa kansa, wanda take ƙasa da fam 14,250 ba a lissafa ajiyarsa sai kuɗin shigarsa, kuma waɗannan lambobi ba su motsa ba tun 2010. An yi ta alkawarin sa iyaka ga abin da mutum zai kashe a rayuwarsa, har aka tsayar da fam 86,000, sai gwamnati ta soke shirin a Yulin 2024.

Abin da yake kyauta shi ne awon buƙata. Dokar kulawa ta 2014 ta ce duk babban da ake ganin yana iya buƙatar taimako a auna shi, komai kuɗinsa, mai ɗawainiya da shi ma a auna nasa nauyin. A nan kunyarmu kan cuce mu. Ma'aikaciya ta zo, ta tambayi Hajiya ko tana iya wanka da kanta, Hajiya ta ce alhamdu lillahi, 'yarta da ke tashi sau uku cikin dare ta yi shiru don kada a ce ta gaji da uwarta. Abin da za a rubuta shi ne iyali na biyan buƙata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A faɗi yadda mummunar rana take, a nemi tafinta idan ana buƙata, a faɗi cewa mace ake so ta yi mata wanka kuma abincin halal take ci, a tabbatar an rubuta a cikin tsarin kulawar. Abin da aka rubuta ake iya ƙorafi a kansa idan ba a yi ba.

Yawancin koke-koken wannan fanni na kuɗi ne: an fara caji ba a yi bayani ba, an caji ziyarar da ba a zo ba, an ce iyali su cika wani kuɗi a kan na hukuma alhali ba a nuna musu ko gida ɗaya da kuɗin hukumar zai isa ba. Mataki ɗaya ne a nan kafin Ombudsman. Hukumar CQC mai sa ido kan gidajen kulawa tana son jin labari, amma ba ta warware ƙorafin mutum ɗaya.

Tsoron da ke rufe mana baki

Abu biyu ke sa mutanenmu haɗiye kuka. Na farko takardun zama. Gaskiya ne mai bizar karatu ko ta aiki galibi an rubuta masa ba shi da haƙƙin tallafin gwamnati, kuma gidan ƙaramar hukuma da taimakon rashin matsuguni suna cikin wannan, don haka kafin ya nema ya ga mai ba da shawara kan shige da fice. Amma makarantar gwamnati ba ta ciki, taimakon yaro mai buƙata ta musamman ma ba ya ciki, kuma ba sai ɗan ƙasa ke kai ƙorafi ba.

Na biyu shi ne tsoron a ƙwace yara. Ma'aikaciyar jin daɗin yara ba ta da ikon ɗauke yaro da ra'ayinta. Sai da umarnin kotu, ko yardar iyaye, ko 'yan sanda a halin gaggawa na abin da bai wuce awa 72 ba. Dokar yara ta 1989 da ta ba su aikin ita ce kuma ta tanadi matakai uku na ƙorafi a kan ayyuka da dama na sashen, inda a na biyu ake sa mutum mai zaman kansa ya sa ido a binciken, a na uku kwamiti ya zauna.

Iyakar takarda

Ƙorafi ba ya gina gida. Tun dokar 1980 ta zamanin Margaret Thatcher da ta ba 'yan haya damar sayen gidajen hukuma da rangwame, an sayar da kusan miliyan 2 a Ingila, ba a mayar da madadin yawancinsu ba. Iyalai kusan miliyan 1.3 ke layin jira, fiye da 100,000 na zaune a matsugunin wucin gadi. Daga 2010 gwamnatin tsakiya ta zaftare kuɗin da take ba ƙananan hukumomi, kula da tsofaffi da yara kuma na cinye kaso mafi tsoka na abin da ya rage. Northamptonshire ta ayyana ba za ta iya daidaita kasafinta ba a 2018, Croydon a 2020, Birmingham da Nottingham a 2023. Mai zagin yarinyar da ke ɗaga waya ya bar jaki yana dukan taiki.

Wannan ba uzuri ba ne ga hukuma, Ombudsman kansa ba ya karɓar ƙarancin ma'aikata a matsayin hujjar taka wa'adin doka. Amma yana nuna wani abu marar daɗi game da tsarin: idan abin rabo bai isa ba, wanda ya iya rubutu, ya san lambobin, yake da juriyar bin mataki bayan mataki, shi ke samu, maƙwabciyarsa da ba ta jin Turanci sosai tana nan a ƙasan fayil. Shi ya sa wanda ya iya a cikinmu ya kamata ya zauna da wanda bai iya ba su rubuta tare, tunda an yarda wani ya kai ƙorafi a madadin wani idan ya ba shi izini a rubuce.

Akwai iyakar da muka taɓo ba mu tsallaka ba, wato tsakanin ƙaramar hukuma da hukumar lafiya ta NHS. Wanda aka tabbatar asalin buƙatarsa ta rashin lafiya ce, NHS ke biyan kuɗin kulawarsa gaba ɗaya ba tare da an auna aljihunsa ba, kuma iyalai da yawa ba a taɓa gaya musu haka ba. Babi na gaba zai shiga asibiti da ofishin likitan unguwa, ya duba yadda ake neman wannan haƙƙi, da kuma mai binciken da ke karɓar kuka a can, wanda ba ɗaya daga cikin biyun da muka gani a nan ba ne.